Wasa Ƙwaƙwalwa Daga Takarda Zuwa Intanet: Tarihin Wata Tambaya

Bahaushe yakan kira kacici-kacici da 'yan tambayoyin gwada basira da sunan "wasa ƙwaƙwalwa". Wannan suna ba a banza aka raɗa shi ba, domin akwai wani ra'ayi ƙunshe a cikinsa. Kalmar "wasa" a nan ita ce ta wasa wuƙa a kan dutse, wuƙar da ta sha wasawa kuwa ba ta zaɓen abin yanka: idan ta yanka nama, za ta yanka igiya, ta kuma feƙe alƙalami. Watau dai ana ɗauka cewa wanda ya goge tunaninsa a kan wani aiki guda, kaifin da ya samu zai bi shi zuwa sauran ayyukansa. A kan wannan zato ne aka kafa wata babbar sana'a a Turai da Amurka da Japan, ta sayar wa jama'a wasannin kwamfuta da na wayar hannu da sunan ƙara basira da kare mutum daga gigin tsufa.

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin yadda masana suka jarraba wannan zato tun daga ƙarshen ƙarni na 19, da yadda mayar da jarrabawar kan intanet ya haifar da wata tambaya ta biyu wadda ba a yi tsammaninta ba. Tambaya ta farko ita ce ko ƙwarewa tana naso, watau ko takan yaɗu daga inda aka koye ta zuwa wani wuri, kamar yadda rini kan yi a jikin farin tufa. Ta biyu kuwa ita ce ko mutanen da aka yi wa na'urar suna iya sarrafa ta, su kuma lizimce ta har ta yi musu wani amfani.

TSOHON RA'AYI DA MASU JARRABA SHI

A makarantun Ingila da na Amurka a ƙarni na 19, malamai sukan kare koyar da Latin da Girkanci da lissafin siffofi da hujjar cewa ko da yaro bai yi amfani da su a rayuwarsa ba, sun hore masa hankali. An ɗauki tunani tamkar damtse, wanda kowane irin nauyi aka ba shi zai ƙara masa ƙarfi.

Daga cikin waɗanda suka fara gwada wannan magana akwai William James, shehun malami a Jami'ar Harvard, wanda ya ba da labarin abin da ya yi a cikin babban littafinsa na 1890. A kan kansa ya yi gwajin. Ya haddace layi 158 na wata waƙar Victor Hugo, mawaƙin Faransa, a cikin kwana 8, ya lissafa cewa haddar ta ci masa kimanin minti 132. Sa'an nan ya shafe kwana 38 yana haddar waƙar John Milton, mawaƙin Ingila, kimanin minti 20 kullum, don ya hori haddarsa. Da ya komo ga wani layi 158 na Hugo, sai ya tarar ya ɓata minti 151 da rabi, watau ya fi na farko jinkiri. James da kansa ya yarda cewa gajiyar wasu ayyuka tana jikinsa a zagaye na biyu, kuma gwajin mutum ɗaya ba hujja ba ce. Amma fa ya tsara yadda za a riƙa yin tambayar: a auna mutum, a hore shi a kan wani abu dabam, a sake auna shi.

Ɗalibinsa Edward Thorndike, tare da Robert Woodworth, su ne suka faɗaɗa aikin a shekara ta 1901. Sun koya wa mutane ƙiyasta faɗin ƙananan siffofi masu kusurwa huɗu har suka ƙware, sa'an nan suka sauya musu siffa ko girma. Sai aka ga mafi yawan ƙwarewar ta tsaya a inda aka koye ta. Ra'ayin da Thorndike ya fitar shi ne, aiki ba ya taimakon wani aiki sai gwargwadon abubuwan da suka yi tarayya a kai. A 1924 ya sake bibiyar ɗaliban sakandare fiye da 8,000, ya ga cewa bambancin da ke tsakanin mai karatun Latin da mai karatun wani fanni, wajen ƙaruwar basira, ɗan kaɗan ne ƙwarai. Abin da ya faru shi ne, haziƙan yara ne suke zaɓen Latin tun farko, sai a yi zaton Latin ce ta ba su hazaƙa. A riƙe wannan batu na wanda ya zaɓi kansa, domin zai sake ɓullowa bayan shekara tamanin da wani abu, a cikin wata riga.

Binciken masana bai hana kasuwa ci ba. A Landan, wata cibiya mai suna Pelman ta yi ta sayar da darussan ƙarfafa tunani ta gidan waya, cikin wasu ƙananan littattafai masu toka-tokan bango, kuma ta yi tashe sosai a zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya da bayansa. Abin da ya wanzu na sunanta a yau shi ne wani wasan karta da ake kifa katuna, a riƙa buɗe bibbiyu ana neman masu kama da juna.

Babu misalin da ya fi fito da ra'ayin Thorndike fili kamar na wani ɗalibi a Jami'ar Carnegie Mellon, wanda Anders Ericsson da William Chase suka ba da rahotonsa a 1980. Mutum yakan iya riƙe lambobi kamar 7 idan aka karanta masa su a jere. Wannan ɗalibi ya yi atisaye na sama da awa 230, har ya kai yana maimaita lambobi 79 ba kuskure. Ɗan tseren gudu ne, sai ya riƙa harhaɗa lambobin uku-uku ko huɗu-huɗu yana ɗaukarsu a matsayin lokutan tsere da ya sani. Ranar da aka sauya masa lambobi da baƙaƙe, sai ya faɗo kan guda 6, daidai da kowa. Wuƙar ta yi kaifi matuƙa, amma abu guda take yanka.

LAIFIN MATUƘI KO LAIFIN MAƘERI

Kafin a shiga zamanin kwamfuta, ya wajaba a ɗan ratse a ɗauko tushen tambaya ta biyu, wadda asalinta ba ya cikin aji ko asibiti. A filin jirgin saman soja aka fara yin ta.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙin Amurka samfurin B-17 sun yi ta faɗuwa a kan cikinsu wajen sauka, ana rubutawa a rahoto cewa kuskuren matuƙi ne. Wani matashin masanin halayyar ɗan'adam, Alphonse Chapanis, ya duba wurin zaman matuƙin a 1943, sai ya ga maɓallin naɗe ƙafafun jirgi da na sarrafa fiffike iri ɗaya ne, kuma suna dab da juna. Gajiyayyen matuƙi sai ya kai hannu ga wannan alhali wancan yake nufi. Aka maƙala wa ɗaya 'yar ƙaramar taya, ɗayan kuma aka ba shi siffar fiffike, yadda hannu zai rarrabe su ko ido bai duba ba, irin wannan haɗari kuwa ya yi sauƙi ƙwarai. A 1947 Paul Fitts da Richard Jones suka tattara kurakurai 460 na matuƙa, suka nuna cewa da yawansu ƙirar na'ura ce ta jawo su.

Daga nan fannin auna sauƙin sarrafa na'ura ya tsiro. Sa'ad da kwamfuta ta shiga ofisoshi, John Brooke na kamfanin Digital Equipment a Ingila ya tsara wasu tambayoyi 10 a 1986, waɗanda mai amfani da manhaja zai amsa a ba ta maki daga 0 zuwa 100. Har yanzu wannan ma'auni yana cikin waɗanda aka fi amfani da su wajen gwada manhajojin lafiya. Jakob Nielsen da Thomas Landauer kuma suka nuna a 1993 cewa idan aka zaunar da mutane ƙalilan aka zuba musu ido suna fama da manhaja, za a gano mafi yawan wuraren da take sa tuntuɓe. Daga baya Nielsen ya yaɗa ra'ayin cewa mutum 5 sun isa zagaye guda. Darasin dai ɗaya ne da na Chapanis: idan mutane da yawa suna kuskure iri ɗaya, a tuhumi maƙeri kafin a tuhumi mai riƙo. Sai dai akwai gibi a nan. Duk waɗannan ma'aunai suna duba zaman awa guda ne ko ƙasa da haka. Matuƙin jirgi ba shi da zaɓin ajiye jirgi ya tafi gida, ma'aikacin ofis ma dole ya buɗe kwamfutarsa gobe. Tsohon da aka ce ya yi wasan ƙwaƙwalwa sau uku a mako har wata shida, babu mai tilasta masa.

SABUWAR KASUWA

Zuwa ƙarshen ƙarni na 20, abubuwa biyu sun farfaɗo da tsohon zato. Na farko shi ne yawaitar tsofaffi a ƙasashe masu arziki da tsoron cutar Alzheimer. Na biyu kuwa shi ne shaidar cewa ƙwaƙwalwar baligi takan sauya gwargwadon aikin da aka ba ta. A shekara ta 2000 Eleanor Maguire ta nuna cewa direbobin tasi na Landan, waɗanda sukan shafe shekaru suna haddar titunan birnin, wani sashe na ƙwaƙwalwarsu mai kula da sanin hanya ya fi na sauran mutane girma. Masu talla sun so wannan labari, amma ba su cika faɗin cewa abin da direbobin suka ƙware a kai shi ne Landan ba.

Babban gwaji na farko shi ne wanda ake kira ACTIVE, wanda aka fara a Amurka a 1998 da mutum 2,832 masu shekara 65 zuwa sama, a cibiyoyi 6. An raba su gida huɗu ta hanyar ƙuri'a: masu horon tuna abu, masu horon warware matsala, masu horon saurin gani a kwamfuta, da waɗanda ba a yi musu komai ba. Zama 10 aka yi, kowanne kimanin awa guda, a ƙananan rukunoni tare da mai koyarwa. Sakamakon da aka buga a 2002 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na masu horon sauri sun inganta, da kashi 74 na masu warware matsala, da kashi 26 na masu horon tuna abu. Kowane rukuni a fanninsa kaɗai ya inganta, kuma bayan shekara 2 ba a ga wani bambanci ba a harkokinsu na yau da kullum. Bayan shekara 10 waɗanda aka horar sun ce suna samun sauƙin hidimomin gida fiye da sauran, amma da bakinsu suka faɗa, kuma sun san an hore su. A 2017 wani nazari a kan alƙaluman gwajin ya ce masu horon sauri sun sami ragin kashi 29 cikin ɗari na haɗarin gigin tsufa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu goyon baya suke riƙe da ita, ko da yake tun asali ba don gano cutar aka tsara gwajin ba.

Kasuwa ba ta jira shekara goma ba. A 2005 kamfanin Nintendo ya fitar da wasan Brain Age a Japan, bisa aikin Ryuta Kawashima na Jami'ar Tohoku, aka sayar da kimanin miliyan 19 a duniya. A 2007 Lumosity ta buɗe a intanet. A 2008 kuma Susanne Jaeggi da abokan aikinta suka buga wani rahoto da ya girgiza fannin. Aikin da suka ba mutane mai wuya ne: ido yana bin wani ɗan murabba'i da ke sauya wuri a allo, kunne yana sauraron baƙaƙe, mutum kuma ya riƙa faɗin ko abin da ya gani ko ya ji yanzu ya yi daidai da na mataki biyu ko uku da suka wuce. Suka ce bayan kwana 8 zuwa 19 na wannan atisaye, makin gwajin basira ya tashi. Da Thomas Redick da jama'arsa suka maimaita gwajin suka buga a 2013, tare da ba rukunin kwatance wani aikin kwamfuta na dabam don kada a bar su hannu rabbana, ba su ga wannan tashi ba.

GWAJIN BBC

Intanet ta ba masu bincike abin da Thorndike bai taɓa mafarkinsa ba, watau dubban mutane ba tare da hayar ɗaki ko mai koyarwa ba. Adrian Owen, wanda a lokacin yake wata cibiyar binciken ƙwaƙwalwa a Kambirij, ya haɗa kai da wani shirin kimiyya na talabijin ɗin BBC, aka gayyaci masu kallo su shiga gwaji daga gidajensu. An buga sakamakon a mujallar Nature a 2010.

Tsarin mai sauƙi ne. Kowa zai yi jarrabawa huɗu a farko, sa'an nan ƙuri'a ta jefa shi cikin ɗaya daga rukuni uku. Rukuni na farko wasannin tsara dabara da warware matsala. Na biyu wasannin tuna abu da mai da hankali da lissafi, irin waɗanda ake sayarwa. Na uku kuwa tambayoyi kawai ake ba su, su nemo amsa a intanet. An roƙi kowa ya yi aƙalla minti 10, sau 3 a mako, har mako 6, sa'an nan a sake jarrabawar farko. Kowane rukuni ya ƙware sosai a wasanninsa. A jarrabawa huɗun nan kuwa babu wani bambancin a zo a gani tsakanin waɗanda aka horar da waɗanda suka yi ta neman amsoshi. Owen ya ba da wani lissafi mai ban dariya. Masu horon tuna abu sun ƙaru da kashi 3 cikin ɗari na lamba guda wajen riƙe lambobi, watau idan aka ci gaba a haka sai an yi kusan shekara 4 kafin mutum ya ƙara lamba ɗaya. Rukunin da ba a hora ba kuwa sun ƙaru da kashi 20 cikin ɗari na lamba.

Jaridu sun ɗauki adadin 11,430 a matsayin yawan waɗanda aka gwada, kuma haka ne. Amma adadin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne 52,617, domin su ne suka yi rajista. Waɗanda aka lissafa su ne waɗanda suka yi jarrabawar farko da ta ƙarshe da aƙalla zama biyu na horo. Kusan mutum huɗu cikin kowane biyar sun sulale, alhali ba kuɗi aka ce su biya ba, kuma da kansu suka zo. Masu sukar gwajin sun ce minti 10 ya yi kaɗan, kuma 'yan shekara 18 zuwa 60 ba su ne masu bukata ba. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa aka ci gaba da bin manya har wata 6. Anne Corbett da abokan aikinta suka ba da rahoto a 2015 a kan mutum 6,742 da suka haura shekara 50, inda aka ga ɗan amfani wajen hidimomin yau da kullum ga waɗanda suka wuce 60. A nan ma da yawa sun daina kafin ƙarshe.

Ga inda matsalar ɗaliban Latin ta dawo. Ƙuri'a takan daidaita rukunoni a ranar farko, amma ba ta da iko a kan wanda zai tsaya. Idan waɗanda wasan ya yi wa wuya, ko rubutun allo ya yi musu ƙanƙanta, ko suka manta kalmar sirrinsu, su ne suka fice, to, ragowar da aka auna a ƙarshe zaɓaɓɓu ne. Abin takaici kuwa shi ne, mai fara mantuwa, wanda dominsa aka yi na'urar, shi ne ya fi kusa da kasa shiga cikinta.

RIGIMAR TAKARDU

A watan Oktoba na 2014 wata cibiya ta Jami'ar Stanford da Cibiyar Max Planck ta Balin suka fitar da sanarwa mai sa hannun masana kimanin 70, cewa babu gamsasshiyar hujjar da ta nuna waɗannan wasanni suna hana raunin tunani. Ba a daɗe ba wasu masana fiye da 100 suka mayar da martani da tasu sanarwar, suna lissafa rahotanni masu yawa. Ganin ɓangarori biyu suna karanta takardu iri ɗaya suna fitar da hukunci mabambanta, sai Daniel Simons da wasu masana shida suka zauna suka bi rahotanni sama da 130 da kamfanonin da magoya bayansu suke kafa hujja da su. Hukuncinsu na 2016 bai yi nisa da na 1901 ba: hujja mai yawa cewa mutum yakan ƙware a wasan da ya yi, 'yar kaɗan cewa yakan inganta a ayyuka masu kama da shi, kusan babu a kan rayuwar yau da kullum. Sun kuma nuna cewa gwaje-gwaje da yawa mutanensu kaɗan ne, ko rukunin kwatancensu zaune yake kawai.

Wani ɗan gwaji na Jami'ar George Mason a wannan shekara ya nuna dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci. An liƙa takardun gayyata iri biyu, ɗaya tana alkawarin ƙarin basira, ɗaya ba ta ce komai ba. Dukkan waɗanda suka zo horo ɗaya aka ba su na awa guda, amma waɗanda takardar alkawari ta jawo su ne kaɗai makinsu ya tashi. Awa guda ba ta ƙara wa kowa basira. Sa rai ne ya yi aikinsa.

A watan Janairu na 2016 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta cimma sulhu da kamfanin da ya mallaki Lumosity, ya biya dala miliyan 2 bisa zargin tallan da ba shi da hujja, musamman a kan mantuwa da cutar Alzheimer.

MASU SULALEWA

Sulalewar jama'a ba ta wasannin ƙwaƙwalwa ba ce kaɗai. Tun a 2005 Gunther Eysenbach ya rubuta cewa wannan ɗabi'a ce ta duk wani shirin lafiya na intanet, har ya kira ta doka, ya kuma nemi a riƙa nazarinta a matsayin ilmi mai zaman kansa maimakon a ɓoye ta. Misalansa masu tayar da hankali ne. Wani shirin magance firgici na mako 12, mutum 1,161 suka shiga, 12 suka kammala. Shirin MoodGYM na Ostireliya, na masu damuwar zuciya, mutum 97 cikin 19,607 ne suka gama darussansa 5 sa'ad da aka bar shi a buɗe ga kowa. A cikin gwaji mai tsari kuwa, inda ake tuntuɓar mutane, fiye da kashi 20 cikin ɗari sun gama. Ƙwayar magani sau ɗaya ake haɗiya a wuce wurin, amma shirin intanet sai mutum ya sake yanke shawara kowace rana.

Zuwan wayar hannu bai gyara lamarin ba. Amit Baumel da abokan aikinsa sun duba yadda ake amfani da manhajojin lafiyar tunani 93, suka ruwaito a 2019 cewa a matsakaiciyar manhaja, ƙasa da mutum 4 cikin ɗari ne suke buɗe ta a rana ta 15. Yawancin waɗannan manhajoji za su iya cin maki mai kyau a tambayoyin Brooke, domin ba wuyar latsawa gare su ba. Sauƙin sarrafawa sharaɗi ne, amma shi kaɗai ba ya riƙe mutum.

Me ke riƙe shi? Amit Lampit da abokan aikinsa a Jami'ar Sidni sun tattara gwaje-gwaje 52 a kan tsofaffi 4,885 a 2014. Sun ga ɗan amfani ƙarami a horon kwamfuta idan a rukuni aka yi shi, da mai kula a tsaye. Wanda mutum ya yi shi kaɗai a gida kuwa ba a ga amfaninsa ba. Wannan sakamako ya sa kasuwar a tsaka mai wuya, domin arharta da ribarta duk sun dogara ne a kan cire mai koyarwa. Gwajin FINGER na ƙasar Finlan, wanda Miia Kivipelto ta jagoranta aka buga a 2015, ya haɗa wa kimanin rabin mutum 1,260 masu shekara 60 zuwa 77 abinci mai kyau da motsa jiki da kula da hawan jini da horon kwamfuta har shekara 2, aka kuma ga ɗan rinjaye a kan rukunin kwatance. Da aka waiwayi sashen kwamfutar daga baya, sai aka tarar kashi 12 cikin ɗari ne kawai suka kammala shi, fiye da sulusi ko sau ɗaya ba su taɓa shi ba, kuma sabawa da kwamfuta tun da can tana cikin manyan abubuwan da suka bambanta mai farawa da mai ƙi.

Duk da haka hukumomi sun buɗe wa manhajoji ƙofar asibiti. Jamus ta yi doka a 2019 wadda ta ba likita damar rubuta wa majinyaci manhaja kamar yadda yake rubuta magani, inshora ta biya, aka fara aiki da ita a 2020. A watan Yuni na 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da EndeavorRx, wasan bidiyo na farko da likita zai rubuta, domin yara 'yan shekara 8 zuwa 12 masu lalurar rashin natsuwa. Gwajin da aka dogara da shi, na yara 348, ya nuna sun inganta a wata jarrabawar mai da hankali ta kwamfuta, amma a ma'aunin iyaye da likitoci ba su bambanta da rukunin kwatance ba. Kamfanin Akili da ya ƙera wasan, wanda aka ƙiyasta darajarsa a kimanin dala biliyan 1 a 2022, an sayar da shi a kan kimanin dala miliyan 34 a 2024. Takwaransa Pear Therapeutics, wanda ya sami irin wannan amincewa tun 2017 a kan manhajar masu fama da shaye-shaye, ya bayyana karyewarsa a watan Afrilu na 2023.

A 2025 Henry Brodaty da abokan aikinsa a Ostireliya suka buga sakamakon gwajin Maintain Your Brain, wanda aka gudanar kacokan a intanet har shekara 3 da mutum 6,104 masu shekara 55 zuwa 77. An ba rukuni ɗaya shiri mai jagora a kan motsa jiki da abinci da horon ƙwaƙwalwa da kwanciyar hankali, gwargwadon bukatar kowa, ɗaya rukunin kuma bayanai kawai aka ba su su karanta. Dukkan rukunonin sun inganta a jarrabawar tunani, amma masu jagora sun fi. Wannan ya nuna ana iya tafiyar da irin wannan shiri daga nesa na tsawon lokaci. Sai dai mai kwamfuta da intanet ne kaɗai ya iya shiga tun farko, kuma da yake abubuwa huɗu aka cuɗa wuri guda, gwajin ba zai iya ware rabon wasan ƙwaƙwalwa daga na tattaki da na abinci ba.